Dardumar Farisa da Matsayin Shimfiɗa a Kudancin Katsina

Gabatarwa

A garin Damari, da sauran garuruwan da ke ƙasashen Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara, baƙo yakan san matsayinsa a wurin maigida tun kafin a gama gaisawa, domin kuwa shimfiɗar da aka yi masa ita ce ke fara magana. Akwai wanda ake jawo wa tsohuwar tabarma, akwai wanda ake kaɗe wa sabuwa, akwai kuma wanda ake aika yaro cikin gida a ɗauko masa darduma. Wannan tsari daɗaɗɗe ne a ƙasar Hausa, kuma a can ƙololuwarsa ne dardumar da aka saƙa da hannu a ƙasar Farisa, watau Iran ta yau, ta sami mazauni.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne bin diddigin wannan darduma: asalinta, da yadda ake saƙa ta, da hanyoyin da ta biyo har ta iso ƙasar Hausa, da dalilan da suka sa take daɗa tsada a lokacin da sauran kayan ɗaki ke lalacewa. Za a kuma kwatanta tarihinta da na saƙar gargajiya a kudancin Katsina, saboda ƙasashen nan biyu sun fuskanci barazana iri ɗaya daga masana'antun Turai, amma sakamakon da kowace ta samu ya sha bamban.

Shimfiɗa a Rayuwar Bahaushe

Bahaushe yana da sunaye da dama na abin zama, kuma kowane suna da ajin mutanen da ya dace da su. Tabarma, wadda ake saƙawa da kaba, ita ce ta kowa da kowa. A kanta ake ɗaura aure, a raɗa suna, a karɓi gaisuwar mutuwa. Buzu, watau fatar rago da aka jeme da gashinta, na malamai ne da limamai, shi ya sa idan aka ce wane ya gaji buzun mahaifinsa, ana nufin ya gaje shi wajen karantarwa. Darduma da kilishi kuwa, waɗanda ake yi da ulu, na sarakuna ne da attajirai. Wannan kilishi ya bambanta da na nama wajen karin sauti, kuma a fadar Kano har akwai sarautar Kilishi, ta bafaden da ke kula da shimfiɗar sarki. Karin maganar nan da ke cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma ita kanta shaida ce, domin ba a auna abu mai daraja sai da ɗan'uwansa mai daraja.

Abin lura shi ne, tabarma da buzu a gida ake yin su, amma darduma daga waje take zuwa. Dalilin wannan yana jikin tumakin ƙasar Hausa. Balami da uda da 'yankasa duk tumaki ne masu gajeren gashi wanda ba ya kaɗuwa, don haka masaƙin Hausa bai taɓa samun ulun da zai yi darduma da shi ba. A Afirka ta Yamma, sai an je Masina, cikin ƙasar Mali, ake samun tumaki masu ulu, kuma masaƙan Fulanin can barguna suke yi da shi. Saboda haka tun fil'azal darduma baƙuwa ce a ƙasar Hausa, kuma nisan tafiyar da take yi kafin ta iso yana cikin abin da ya ɗaga darajarta.

Akwai hujjoji a rubuce da ke nuna cewa ta daɗe a fadoji. A cikin Kitabul Farƙi, inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa halayen sarakunan da ya yi wa wa'azi, ya ambaci zama a gidaje masu ado da shimfiɗa lausasan shimfiɗu ba tare da an kula da halal ko haram ba. Wannan suka ta nuna cewa kafin 1804 irin waɗannan kaya sun riga sun zama alamar mulki. Bayan jihadi ma ba a daina amfani da su ba, sai dai an rage alfahari. Baturen nan Hugh Clapperton, wanda ya yi tafiya da sunan Abdullahi, ya rubuta cewa da ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Sakkwato cikin 1824, ya same shi zaune a kan wata 'yar ƙaramar darduma tsakanin ginshiƙai biyu. Shekara ɗaya kafin haka, abokin tafiyarsa Dixon Denham ya sami Shehu Laminu na Barno a Kukawa, shi ma a kan darduma cikin wani ƙaramin ɗaki.

Malamai kuwa suna da nasu dalili na riƙe tabarma. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Shaihu Halil, an karhanta yin sujada a kan tufa, amma ba a karhanta a kan tabarma ba. Haka nan akwai hadisin da ya hana maza zama a kan alharini. Wannan ya sa darduma ta daɗe tana zaune a fada da gidajen fatake kafin ta shiga masallatai da makarantun zaure.

Asalin Dardumar Farisa

Darduma mai ƙulli mafi daɗewa da aka samu cikakkiya ita ce wadda wani masanin Rasha, Sergei Rudenko, ya tono a 1949 daga wani kabari a Pazirik, cikin duwatsun Altai. Ƙanƙara ce ta daskare a kabarin ta hana ta ruɓewa. An ƙiyasta cewa an saƙa ta wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), tsawonta kusan mita 2, tana da ƙulli wajen 36 a kowane murabba'in santimita, kuma zanen mahaya da dabbobin da ke gefenta ya sa masana da yawa suka danganta ta da fasahar daular Farisa ta farko. Tana ajiye a gidan tarihi na Hermitage a ƙasar Rasha. Ingancin aikinta ya nuna cewa sana'ar ta riga ta nuna tun kafin wancan zamani.

Littattafan tarihin Musulunci sun adana labarin wata shimfiɗa ta daban. A shekara ta 16 bayan hijira, watau 637, rundunar Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ta ci birnin Mada'in, fadar Kisra. Cikin ganimar da aka samu har da wata ƙatuwar shimfiɗa da aka yi wa zanen lambu, da ƙoramu da furanni na zinariya da duwatsu masu daraja, wadda sarakunan Farisa ke zama a kai lokacin sanyi don su tuna da bazara. Ɗabari ya ruwaito cewa faɗinta kamu 60 ne, tsawonta ma 60, kuma da aka kai ta Madina, Halifa Umar ya yi shawara da sahabbai, aka yanka ta aka raba. Ya ce rabon da ya faɗo wa Sayyidina Aliyu an sayar da shi a kan dirhami 20,000. Wannan labari ya nuna abu biyu: tsadar irin wannan kaya, da kuma wuyar rabonsa ba tare da an ɓata shi ba.

Zamanin da sana'ar ta kai matuƙa shi ne na daular Safawiyya, wadda aka kafa a 1501. Sarakunanta sun tara masu zane da marina da masaƙa a Tabriz da Kashan da Kirman da Isfahan, suka mai da saƙar darduma aikin fada. Daga wannan zamani ne aka sami dardumar Ardabil, wadda ta ɗauki sunan garin da hubbaren Shaihu Safiyuddin yake. Tsawonta ya kai mita 10 da rabi, faɗinta ya haura mita 5, kuma ƙulle-ƙullen da ke jikinta sun fi miliyan 25. A gefe guda an saƙa sunan Maƙsud mutumin Kashan, da shekarar 946 ta hijira, wadda ta yi daidai da 1539 zuwa 1540, zamanin Shah Ɗahmasb. Gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan ya saye ta a 1893 a kan fam 2,000, kuɗi mai yawan gaske a lokacin. Shah Abbas, wanda ya yi mulki daga 1588 zuwa 1629, ya ƙara bunƙasa sana'ar bayan ya mai da Isfahan babban birninsa, ya riƙa aika dardumomin alharini masu zaren zinariya da azurfa kyauta ga sarakunan Turai.

Yadda Ake Saƙa Ta

Masaƙin Hausa yana jefa ƙoshiya ne tsakanin zaren tsaye, ya buga da masefi, ya fitar da ƙwarya siririya wadda daga baya ake ɗinkewa ta zama zane ko gwado. Aikin darduma ya sha bamban. Ana ɗaure zaren tsaye, na auduga ko ulu ko alharini, a jikin wani katako mai faɗin dardumar da ake so. Sa'an nan masaƙi ya ɗauki guntun ulu mai launi ya ƙulla shi a jikin zare biyu, ya yanke da wuƙa, ya koma na gaba. Idan ya gama layi ɗaya sai ya ratsa zaren kwance, ya danne da wani ƙarfe mai haƙora, daga bisani a bi da almakashi a daidaita tsawon gashin. Ƙullin iri biyu ne. Akwai na Turkawa, wanda ke naɗe zare biyun daidai wa daida, akwai kuma na Farisawa, wanda ke naɗe ɗaya ya ratsa ta ƙarƙashin ɗayan, abin da ke ba da damar fitar da zane mai lanƙwasa.

Lissafi kaɗan zai nuna yawan aikin. Darduma mai tsawon mita 3 da faɗin mita 2, idan tana da ƙulli 40 a kowane murabba'in santimita, za ta ƙunshi ƙulli 2,400,000. In an ɗauka cewa masaƙi yana ƙulla 8,000 a yini, zai yi kwana 300 kafin ya gama, ban da lokacin da aka ɓata wajen sausaye tumaki da wanke ulu da kaɗi da rini. Don haka ne manyan dardumomi mutane da yawa ke jeruwa a kansu, wani lokaci ma wani na rera musu jerin launukan da za su bi. Mafi yawan masu wannan aiki, musamman a ƙauyuka da rugagen makiyaya irin su Ƙashƙai na lardin Fars, mata ne.

Rinin gargajiya daga tsirrai ake samunsa. Ja daga saiwar wani tsiro ne da suke kira runas, rawaya daga ɓawon rumman da wasu ganyaye, ruwan ƙasa daga ɓawon wani irin gyaɗar itace, shuɗi kuwa daga baba, irin wanda marinan Ƙofar Mata a Kano suka sani sarai. Irin wannan rini yana laushi ne da tsufa, ba ya koɗewa farat ɗaya, shi ya sa tsohuwar darduma takan fi sabuwa daɗin kallo.

Hanyoyin da Ta Biyo

Hanya ta farko ita ce ta Sahara. A ƙarni na 17 da na 18 birnin Katsina ne babban masaukin ayarin da ke tasowa daga Tarabulus ta Gadamas da Gat da Agadas. Bayan da birnin ya faɗa hannun masu jihadi a 1807, da yaƙe-yaƙen da suka biyo baya da Maraɗi, sai akalar ciniki ta karkata zuwa Kano, kamar yadda Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya lura lokacin da ya ziyarci biranen biyu a 1851. Raƙuma sun riƙa kawo alkyabba da jar dara da alharini da takarda da takubba da turare. Darduma kaya ce mai nauyi, raƙumi ba ya ɗaukar da yawa, don haka kaɗan ce ke isowa, kuma galibi kyauta ce da fatake ke yi wa sarki don neman kariya da sauƙin fito. Bahaushe bai cika rarrabe ta Farisa da ta Turkiyya ko ta Magrib ba. Duk kayan Gabas ne a wurinsa. Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ita ta karya wannan hanya.

Hanya ta biyu ita ce ta aikin hajji. Makka kasuwa ce ta duniyar Musulmi tun da daɗewa, domin alhazan ƙasashe da yawa sukan zo da kayan ƙasarsu su sayar su sami guzurin komawa. Wani matafiyi ɗan ƙasar Suwizalan, Burckhardt, wanda ya halarci hajjin 1814, ya ambaci dardumomi cikin kayan da alhazan Anadol ke kawowa. Bahaushen da ya tafi a ƙasa ta Barno da Wadai da Sudan, ya shafe shekaru kafin ya dawo, ba ya iya ɗauko fiye da 'yar sallaya. Amma abubuwa sun fara sakewa bayan da Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya yi hajji ta jirgin ruwa a 1921, sa'an nan jiragen sama suka fara jigilar alhazai a shekarun 1950. An kafa Hukumar Alhazai ta Nijeriya a 1975, kuma a 1977, lokacin da kuɗin man fetur ya yalwata, alhazan ƙasar sun haura 100,000.

A wannan zamani ne darduma ta fita daga fada ta shiga gidan manomi. Manomin auduga ko masara na Damari ko Ɗandume, da ya sayar da amfanin gonarsa ya sauke farali, yakan dawo da tsaraba: zamzam da dabino da tasbaha da darduma. Daga nan sunan dardumar Makka ya bazu, ko da yake ba a Makka ake saƙa ta ba. Mafi yawan waɗanda suka shigo ta wannan hanya na inji ne, daga masana'antun Turai da Turkiyya, daga baya kuma Sin. Amma a cikinsu akwai na hannu, musamman waɗanda alhazan farko da attajirai da masu sarauta suka sayo a kasuwannin Makka da Madina da Jidda, kuma irinsu ne ke kwance a wasu gidaje ba tare da magada sun san abin da suke riƙe da shi ba.

Ƙasar Auduga da Masaƙanta

Damari tana cikin Ƙaramar Hukumar Sabuwa, kusa da iyakar Jihar Katsina da Jihar Kaduna. Wannan yanki, wanda ake kira Katsina Laka saboda irin ƙasarsa, ya fi arewacin Katsina samun ruwan sama, kuma ya daɗe da shahara wajen noman auduga da baba. Dokta Yusufu Bala Usman, a littafinsa kan tarihin Katsina da aka buga a 1981, ya nuna muhimmancin tsofaffin garuruwan yankin irin su Maska da Gozaki da Kogo da Pauwa. A irin waɗannan garuruwa mata ke gurzar auduga su shiɓe su kaɗa zare da mazari, maza su saƙa, marina su rina a karofi, mabuga su buge. Tufafin ƙasar Hausa sun yi suna har Barth ya ƙiyasta cewa abin da Kano kaɗai ke fitarwa waje a shekara ya kai na wuri miliyan 300, yana kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Ke nan ayarin da ya kawo darduma bai koma hannu rabbana ba; da aikin hannun Bahaushe ya koma.

A nan ne tarihin ƙasashen biyu ya haɗu a birni ɗaya, watau Manchesta ta ƙasar Ingila. Wani kamfanin birnin mai suna Ziegler yana kai yadin auduga Farisa yana sayarwa, sai ya ga hanya mafi riba ta dawo da kuɗinsa gida ita ce ya sayi dardumomi. A 1883 ya kafa reshe a Sultanabad, garin da yanzu ake kira Arak, ya riƙa ba masaƙa zare da zane suna yi masa aiki a gidajensu. Wannan ya jawo canje-canje a zane da launi don biyan bukatar Turawa, amma ya bar aikin a hannun masaƙa, ya kuma buɗe musu kasuwannin Turai da Amurka.

A ƙasar Hausa kuwa, abin da Manchesta ta nema shi ne ɗanyar auduga. A 1902 aka kafa ƙungiyar BCGA a birnin don samar wa masaƙun Lankasha auduga daga ƙasashen da Ingila ke mulka. An kawo irin audugar Amurka mai suna Allen, aka kafa kasuwannin auduga na hukuma, aka gina injin gurza a Funtuwa cikin shekarun 1920, kuma layin dogo daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda, wanda aka kammala a 1929, ya ratsa garin. Masaƙan gida ba su faɗi nan da nan ba. Sun daɗe suna biyan manomi kuɗin da ya fi na kamfani, abin da Turawan mulki suka yi ta kuka da shi. Amma a hankali akoko da atamfa masu araha suka mamaye kasuwa. Masaƙar zamani ta Kaduna ta fara aiki a 1957, wasu suka biyo baya, har da ta Funtuwa. Mazari ya fita daga hannun mata, karofi ya cike da shara. Daga baya su ma manyan masaƙun suka durƙushe a gaban kayan da ake shigowa da su daga Asiya, ta Kaduna ta rufe a 2002. Rashin tsaron da ya addabi Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara a shekarun baya-bayan nan, wanda ya tayar da ƙauyuka da dama, ya daɗa warwatsa tsofaffin da suka san sana'ar da kayan gado da ke ɗakunansu.

Farisa ma ta ga irin wannan barazana. Bayan da William Perkin ya gano rinin kimiyya a Ingila a 1856, irin wannan rini mai araha mai saurin koɗewa ya kwarara ƙasar, ya fara ɓata sunan dardumarta. Hukumomi suka yi ta kafa dokokin hana shigo da shi tun daga ƙarshen ƙarni na 19, ko da yake ba kullum dokar ta yi tasiri ba. A tsakiyar shekarun 1930 gwamnati ta kafa kamfanin darduma na ƙasa don kula da inganci, a shekarun 1970 aka buɗe gidan tarihin darduma a Tehran, a 2010 kuma hukumar UNESCO ta sanya saƙar Kashan da ta Fars cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Duk da haka sana'ar tana cikin matsi. Amurka, wadda a da ita ce babbar kasuwarta, ta hana shigo da ita a 1987, ta sassauta a 2000, ta sake hanawa a 2010, ta buɗe a 2016, ta kuma rufe a 2018, masaƙan Indiya da Pakistan da Afganistan kuma suka cike gurbin da zane irin na Farisa.

Abin da Ke Ba Ta Daraja

A watan Yuni na 2013 an yi gwanjon wata dardumar Kirman ta ƙarni na 17 a birnin Niyok, aka saye ta a kan dala miliyan 33 da ɗoriya. Irin wannan farashi na ɗaiɗaikun dardumomi ne da ba su da na biyu, kuma kuskure ne mai darduma ya ɗauka cewa duk wadda aka ce ta Farisa ce dukiya ce. Abubuwan da masana ke dubawa su ne shekarunta, da garin da aka saƙa ta, da kyawun ulu da rini, da yawan ƙulli, da tsarin zane, da lafiyar jikinta. Amfaninta na yau da kullum kuwa shi ne ƙarko. Ulu mai kyau yana da maiƙo na halitta wanda ke hana datti kama shi, kuma da yake kowane ƙulli zaman kansa yake yi, idan wuri ya ci ana iya sake ƙulla shi. Kafet na inji, wanda aka yi da zaren roba aka manne bayansa, in ya mutu ya mutu ke nan.

Gane ta hannu ba ya bukatar na'ura. Idan aka juya bayanta, za a ga zanen ya fito sarai kamar na gaba, ƙulle-ƙullen kuma ba su zama daidai cif kamar na inji ba. Gezar da ke bakinta ci gaban zaren tsaye ne, a ta inji kuwa ɗinka ta ake yi daga baya. Sau da yawa akan ga launi ɗaya ya ɗan sāke a tsakiyar fili, alamar cewa ulun da aka rina a tukunya ɗaya ya ƙare an ɗauko na wata. Idan aka tsinko ɗan zare aka ƙona, ulu yakan yi ƙaurin gashi ya zama toka mai murmushewa, roba kuwa narkewa take yi ta dunƙule.

Maƙiyanta a wuri irin kudancin Katsina su ne danshi da gara da asu. Dardumar da aka bari a kan daɓe da damina, ko aka naɗe aka jefa a bayan gado shekara da shekaru, zaren tsayenta na auduga yakan ruɓe. Abin da ya dace shi ne a sa tabarma a ƙarƙashinta, a riƙa kaɗe ta ana shanyawa a inuwa, a naɗe ta kamar tabarma maimakon ninkewa, a kuma nisanta ta da sabulu mai ƙarfi.

Wurin da sani ya fi amfani shi ne wajen rabon gado. Al'adar da aka saba ita ce a yi wa kowane kaya kuɗi, sa'an nan wani magaji ya ɗauka a cikin rabonsa. Idan masu ƙiyasi ba su bambance aikin hannu da na inji ba, za su yi wa dardumar da ta ci shekarar masaƙi kuɗin kafet na kasuwa, ko ma a ba da ita kyauta saboda ta tsufa. Ta haka ake tauye hakkin marayu ba da niyya ba. Wannan hasara ba ta tsaya ga darduma kaɗai ba. Tsohuwar rigar saƙi mai aska takwas, da gwado da luru na saƙar hannu, suna fuskantar irin wannan rashin sani, alhali gidajen tarihi na Turai da Amurka suna adana irinsu a cikin gilashi.

Kammalawa

Tarihin da aka bi ya nuna cewa darajar dardumar Farisa ta ginu ne a kan abubuwan da masaƙan Katsina Laka su ma suke da su: zare mai kyau, da rini na tsirrai, da ƙwarewar da ake gada daga iyaye. Abin da Farisawa suka ƙara shi ne sun rubuta sunan masaƙi da shekara a jikin aiki, sun san kowane gari da zanensa, hukumominsu kuma sun ɗauki sana'ar a matsayin dukiyar ƙasa. Yau ana iya faɗin sunan mutumin da ya jagoranci saƙar Ardabil shekara kusan 500 da suka wuce, amma da wuya a sami sunan masaƙi ɗaya na Maska ko Gozaki na ƙarni na 19.

Aikin da ke gaban masu nazarin al'adu a jami'o'in Katsina da Dutsin-ma da Zariya, tare da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, shi ne su zaga gidajen hakimai da malamai da tsofaffin alhazai na wannan yanki, su ɗauki hoton dardumomi da tufafin saƙi da suka rage, su rubuta wanda ya kawo su da shekarar da ya kawo, su kuma naɗi bayanin masaƙa da marina da suka saura, tare da sunayen kayan aikinsu. Waɗanda suka yi hajji a shekarun 1950 da 1960 sun ƙaranta, haka ma waɗanda suka yi kaɗi da saƙa da hannunsu, kuma mafi yawan abin da suka sani ba a rubuce yake ba.